Irin da Tokie Ta Kai Kabari

Shekarar da aka auro Tokie gidanmu, gida arba'in da ɗaya ne ke noman asa, tsiron nan mai kama da rama da ake igiya da ɓawonsa, a kwarin Kirisawa. Lokacin da abin nan ya faru saura gida ɗaya, ita kaɗai a cikinsa, tsohuwa 'yar shekara saba'in da huɗu mai ɗan doro da taurin kai mai yawa. Matar wana Sakuzo ce. Ni ce Fusano, autar gidan. Gida uku ne tsakanin inda aka haife ni da inda na yi aure, don haka duk abin da ta yi cikin shekara hamsin a kan idona ta yi shi.

'Yar mai sayar da kifi ce daga bakin teku, ba ta taɓa ganin asa a tsaye ba sai da ta zo. A shekarar farko Innarmu ta ce hannun yanka kifi gare ta, ba zai iya kankare ɓawo ba. Ta je bayan rumbu ta yi kukanta, ta share ido, ta dawo ta zauna gaban katakon kankara. Kafin shekara biyar zarenta ya fi na Innarmu sheƙi, rawaya fes kamar man shanu. Innarmu ta mutu ba ta taɓa faɗin haka da bakinta ba, amma zaren Tokie take ɗauka idan za a kai wa ɗakin bauta.

Aikin bai canza ba tun kakanninmu. Ana shuka idan itatuwan ceri suka fara fure. Kwana ɗari da goma, karan ya wuce tsayin mutum da hannunsa a miƙe. Sai a tuge shi da saiwa, a share ganyen da doguwar wuƙa a binne a cikin gonar, a tsoma karan cikin tafasasshen ruwa, a shanya, a jiƙa a rufe har ɓawon ya saki, sannan a ɓare a kankare. Da wannan zaren ake tufka babbar igiyar da ake ratayawa a ƙofar ɗakin bautar ƙauye kowace kaka. Farin karan da aka ɓare kuwa shi kowane gida ke ƙonawa a bakin ƙofa cikin watan takwas, don magabata su ga hanyar gida.

Matsalar ita ce, abin da muke kira asa shi 'yan sanda ke kira wiwi. Irin namu ba ya bugarwa, ko buhu mutum ya zuƙa ciwon kai kawai zai tashi da shi, amma doka ba ruwanta da wannan. Lasisin noma na shekara ɗaya ne. Iri daga hukuma yake zuwa, a aune. Gona tana cikin shingen waya da kwaɗo a ƙofa. Idan tsiro ɗaya ya fito a wajen shingen ta dalilinka, lasisi ya tafi, kuma tun da aka kama wani matashin manomi a wata jiha yana zuƙar ganye, ban ƙara jin an mayar wa wanda ya rasa nasa ba.

Ran da yara suka ce wa ɗanta ɗan mai wiwi a makaranta, Tokie ta ɗauki damin zare ta tafi wurin shugaban makarantar. Daga nan ba ta ƙara zama ba. Duk inda aka tara mutane, bikin amfanin gona ne, taron dattawa ne, sai ka gan ta da zarenta da karanta. Ta tambayi yara zanen ganyen me ke jikin rigar farko da aka sa musu ran haihuwa. Ta tambayi manya da me kakanninsu suka ɗaure takalmi. Kullum da magana ɗaya take rufewa: mu manoman asa ba mu da abin ɓoyewa, duk mai son gani ya zo in buɗe masa ƙofa. Shekara talatin tana wannan. Ni lauyar ganye nake kiranta, ita kuma ta ce da ni rediyo mai jini.

Sakuzo ya rasu cikin sanyi, ya faɗi a gona yana gyaran shinge. Likita ya daɗe da hana shi aikin ƙarfi. Ranar jana'iza, a gaban baƙi, na ce da Tokie ita da gonarta ne suka kashe mini ɗan'uwa. Bakina ya riga hankalina, kamar yadda ya saba. Ta ci gaba da zuba wa mutane shayi. Wata uku gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma da ka.

Akwai wata al'ada ta gidanmu. Kafin a yi shuka, maigida yakan ɗebi iri cikin tafin hannu ya hau tudu ya zuba a kan dutsen kabarin iyali, ya gaya wa na ciki cewa bana ma za a yi. Matan da aka auro ba sa hawa ranar, 'ya'yan gida ne kawai. Shi ya sa na san abin da Tokie ba ta sani ba: tun da dokar ta zo bayan yaƙin duniya, Babanmu yakan soya irin a ludayin ƙarfe kafin ya hau, don kada ko ɗaya ya tsira. Mu yara ce mana yake yi kaka na son ƙamshin. Sakuzo ma haka ya riƙa yi, shi kaɗai a rumbu, kuma shi mutum ne da ba ya bayanin komai ga kowa.

A ƙarshen watan uku na hango ta daga tagata tana hawan tudu da 'yar jakar takarda a hannu. Na san me ke ciki. Har na miƙe zan ƙwala mata kira in tambaye ta ko ta soya. Sai na ce a raina, ai ita ce ta san komai a kan asa, har makaranta take koyarwa, ta je ta yi. Na koma na zauna na ci gaba da ɗinkina.

Damina ta zo ta yi ta zuba. Gwiwata ta hana ni hawan tudu, ita kuma gona ta riƙe ta, ga shi kowa yana kunna wa matattunsa turare a gida, sai watan takwas ake zuwa kabari. Muka ɗan shirya sama-sama, don ba mai taya ta cire ciyawa sai ni. Amma maganar irin nan tana ci mini rai, ina ture ta. Saura kwana biyu a fara tuge, ranar da jami'in lafiya na jiha zai zo duba gona, na tashi da safe na kasa ture ta. Na ɗauki sanda na hau.

Tun kafin in kai na ji warin. Guda biyar ne, a bayan dutsen kabarin, sun fito daga tsagar da ke tsakanin dutsen da daɓe. Ba su da abokan gasa, sun yi rassa sun baje, sun fi ni tsawo. Ban taɓa ganin asa mai ƙoshin lafiya haka ba, kuma ban taɓa ganin abin da ya tsorata ni kamarsa ba. Na yar da sanda na kama ɗaya na ja. Saiwar ta shige ƙarƙashin dutsen, ko motsi. Na lanƙwasa shi na murɗa, ya karye ta ciki amma ɓawon ya ƙi tsinkewa. Asa ba ya tsinkewa da hannu, abin da ya sa ake igiya da shi ke nan. Na bar shi a sunkuye na gangaro neman lauje, gwiwa na ihu.

Farar motar jami'in tana tsakar gida. Ƙarfe goma aka ce zai zo, ya zo tara.

Malam Hoshina ne, shekara goma sha ɗaya shi ke zuwa mana. Siriri ne mai tabarau, mai yawan sunkuyar da kai, amma ko ƙusa ɗaya ta ɓace a shinge sai ya rubuta. Na same su a baranda, Tokie ta ajiye masa shayin sha'ir mai sanyi da kokwamba mai gishiri.

"Ga rediyon nan ta iso," in ji Tokie. "Ina kika shiga tun ɗazu? Dubi yadda kike haki kamar an biyo ki."

"Yaya, zo mana ciki, ina da magana."

"Faɗi a nan. Malam Hoshina ai ɗan gida ne."

"Maganar mata ce."

"Mu da muka tsufa wace maganar mata ta rage mana? Zauna ki sha shayi."

Ya yi 'yar dariya ya gaishe ni. Na ɓoye hannuwana a cikin atamfar aikina, don tafina kore shar yake.

Muka shiga gona. Ya bi shinge taku-taku yana girgiza kowane turke. Ya gwada kwaɗon. Ya tsinki ganye daga kusurwa huɗu da tsakiya ya sa a leda ya rubuta lamba. Sau biyu na ja hannun rigar Tokie, sau biyu ta fizge. Tana ta zuba, tana nuna masa yadda karan bana ya miƙe sambal, tana cewa ita kaɗai ta shuka ba maigida, a gani ko an ga bambanci. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki haka ba tun rasuwar. Na fara lissafi a raina: ya sa hannu ya shiga mota, kafin ya kai gada na sare su na binne.

Ya sa hannun kuwa. Ya rufe takardunsa ya ce komai daidai. Har ya buɗe ƙofar mota, sai ya ɗauko wani ɗan ƙunshi daga kujera.

"Iya, ban samu zuwa jana'izar Baba Sakuzo ba, ina asibiti da mahaifiyata. Abin yana damuna. Na zo da turare. Idan ba takura, a nuna mini kabarinsa in gaishe shi."



"Ayya, ɗan nan," in ji Tokie, idonta ya ciko. "Ka ji mai hankali. Muje."

"Ga wurin turare nan a ɗaki, da hotonsa," na ce. "Ka kunna a can, duk ɗaya ne."

"Ina duk ɗaya? Mutum ya ce kabari."

"Akwai zirnaƙo a hanyar. Sun yi gida a kututturen nan, jiya ma sun kori mai kai wasiƙa."

"Me mai kai wasiƙa zai je yi maƙabarta? Matattu ake rubuto wa?"

"Yaya, dubi takalminsa. Taɓo ne har idon sawu."

"Akwai na ruwa a mota, Gwaggo," in ji shi, da ladabinsa mai ban haushi.

"To rana ta yi zafi, kin san jininki."

Tokie ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa. "Fusano, in kunya kike ji ba ki share kabarin wanki ba, ai ciyawa ba ta taɓa kashe kowa ba. In gwiwarki ce, zauna."

Ban zauna ba. Ita a gaba, shi a tsakiya da turarensa, ni a baya ina jan ƙafa. Matakala tamanin da shida ce, ranar na ƙirga su duka. Gyare sai kuka suke yi kamar za su fasa kunne. A rabin hanya na yi tunanin in faɗi in ce na suma, amma na san Tokie, yayyafa mini ruwa za ta yi ta ce su wuce su dawo.

Shi ya fara tsayawa. Na ga bayan wuyansa ya sandare. Ita sai da ta ƙara taku biyu tana magana, sannan maganar ta yanke a tsakiya.

Malam Hoshina ya durƙusa a gaban dutsen, ya kunna turarensa, ya haɗa hannuwa ya rufe ido, ganyen na lilo a bisa kansa. Ya daɗe. Da ya miƙe sai ya zaga baya, ya dubi tsagar, ya dubi wanda na lanƙwasa, ya dubi hannuna. Bai tambaye ni komai ba.

Ya cire tabarau ya goge. "Iya, duk shekara muna tuge irin wannan a bakin rafi da gefen hanya. Tsuntsaye ke kai shi. Akwai takarda dabam ta wanda ya fito da kansa, a tuge, a ƙone, shi ke nan." Ya mayar da tabarau, bai kalle ta ba. "Nan ma da ganin wurin, aikin tsuntsaye ne. Ko ba haka ba, Iya?"

"Tsuntsaye ne!" na ce. "Kurciyoyin nan sun addabe mu, har cikin rumbu suke shiga."

"Mai lasisi nake tambaya, Gwaggo."

Kalma ɗaya ake nema daga bakinta. Ko gyaɗa kai ta yi ya isa. Na matse mata hannu har na ji ƙashi. Tana kallon sunan mijinta a jikin dutsen.

"Ba tsuntsu ba ne," ta ce. "Ni na zuba. Da hannuna, a watan uku."

"Yaya!"

"Iya," ya ce a hankali, "ki yi tunani kafin ki maimaita. Idan na ji sau biyu dole in rubuta."

"To ji na biyu. Na ɗebi irin hukuma cikin tafin hannu na kawo wa mijina, in gaya masa bana ma za a yi. Ban san zai tsira a kan dutse ba. Laifina ne."

"Ke wace irin mace ce?" na ce. "Mutum ya buɗe miki ƙofa kina rufewa da kanki? Igiyar ɗakin bauta fa? Ta leda kike so a rataya?"

"Shekara talatin ina gaya wa 'ya'yan mutane ba mu da abin ɓoyewa," in ji ta. "Shi ma ɗan nan ya taɓa ji na faɗa. In na ce tsuntsu yau, baɗi da wace fuska zan buɗe masa ƙofa? Kuma a nan? A gaban wannan?" Ta nuna dutsen da haɓa. "Rubuta, ɗan nan. Kada ka sa aikinka a wuta saboda tsohuwa."

Ya tsaya da alƙalami a hannu kamar an ba shi garwashi. Daga baya ya rubuta. Ya ɗauki hoto. Ya sauka ya ɗauko almakashin itace da buhu, ya sare su ɗaya bayan ɗaya, ya tone saiwar da kansa har gwiwar wandonsa ta ɓaci. Da zai tafi ya sunkuya mata ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce zai rubuta duk yadda abin yake, da al'adar da komai, amma hukunci ba a hannunsa yake ba.

Motar na fita na juyo gare ta. Na kasa riƙewa.

"Soyawa ake yi. Babanmu soyawa yake yi a ludayi, Sakuzo ma haka. Na gan ki ran da kika hau. Na sani, ban faɗa ba."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Da ta zage ni da na ji sauƙi, ko ta mare ni.

"Daga tagarki?"

"Daga tagata."

Ta tattara kofunan shayi ta jera a faranti. "Jibi da sassafe za mu fara tuge, in ba su hana ba. Ki ɗaure gwiwar nan da kyau."

Ba su hana ba. Sun turo mutum biyu suka tsaya a kanmu har aka binne ganye na ƙarshe. 'Yan sanda sun kira ta sau biyu, ta sa rigarta ta zuwa taro ta je ta faɗa musu abin da ta faɗa a tudu, ba ragi ba ƙari, aka sallame ta. Muka dafa, muka shanya, muka ɓare. Na zauna kusa da ita wata biyu ina miƙa mata ɓawo tana kankarewa, ba ta ƙara tayar da maganar ba ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi mini komai ciwo. Zaren shekarar ya yi kyau ƙwarai.

Wasiƙar ta zo a watan goma sha ɗaya. Idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, sai ta aiko a kira ni. Muna zaune a ɗakin kankara, na buɗe na karanta mata. Sun gode mata da haɗin kai. Ba za a kai ta kotu ba. Lasisinta zai ƙare da ƙarshen shekara, kuma ba za a sabunta ba.

"Sake karantawa. A hankali, ba irin ta rediyo ba."

Na sake. A layi na ƙarshe kuka ya ƙwace mini, ni da ban da gona.

Ta karɓi takardar ta ninke ta huɗu ta sa a aljihu. Ta ɗaga kai ta dubi dammunan zaren da ke rataye a jikin azara, leɓenta na motsi.

"Igiyar bara dami nawa ta ci?"

"Tara."

"In aka rage mata kauri, shida ya isa. Ba mai lura daga ƙasa." Ta sake dubawa. "Shekara huɗu ke nan. Ki gaya wa masu tufka su daina yanke baki suna zubarwa."

"Bayan shekara huɗun fa, Yaya?"

"Bayan shekara huɗu ke za su tambaya," ta ce. "Ki faɗa musu yadda aka yi."